Alkawari Kaya Ne, Buri Kuwa Ba Ya Da Nauyi

Jama'a, duk shekara idan watan Disamba ya zo ƙarshe, akwai wata kasuwa da ke ci a majami'un Kirista na ƙasar nan, daga manyan birane har ƙananan garuruwa. Ba ta da rumfa, ba ta da sarkin kasuwa, amma ba kasuwar da ta kai ta cika. Wannan ita ce kasuwar buri. Daren 31 ga wata sai a cika majami'a maƙil, a raba dare ana waƙa da addu'a, da ƙarfe goma sha biyu ta buga sai wuri ya ɓarke da sowa, wai an tsallake. Kafin nan kuwa an riga an umurci kowa ya rubuto abin da yake so Allah ya yi masa a sabuwar shekara. Wannan ya rubuta mota, wancan aure, wani aikin gwamnati, wata kuma takardar fita ƙasar waje. A bakin ƙofa ga ƙyalle an rataye da rubutun Turanci ɓaro-ɓaro, wai bana shekarar buɗi ce, ko ta ɗaukaka, ko wadda maƙiya za su ga ta kansu. Bara ma haka aka rubuta, bara waccan ma haka.

Abin da zan faɗa a wannan maƙala guda ɗaya ne, kuma ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Wannan takarda da muke rubutawa lissafin cefane ce, muna miƙa wa Ubangiji ita kamar mun aiki yaro kasuwa. Shirin da ya dace da mai bangaskiya a farkon shekara shi ne wanda zai ɗora wa kansa kaya, watau alkawari, kuma alkawarin da maƙwabcinsa zai iya shaidar an cika ko ba a cika ba. Ina yi da 'yan'uwana Kirista ne, amma 'yan'uwa Musulmi da malamanmu masu karanta wannan mujalla kada su wuce, domin dogon buri ciwo ne da bai san addini ba.

Tun da yake a mujallar ɗaliban Hausa muke, bari mu fara da kalmomi, don Bahaushe bai bar mu cikin duhu ba a kan wannan batu. Buri shi ne abin da zuciya ke kwaɗayi, ko ya dace ko bai dace ba, shi ya sa in aka ce wane yana da dogon buri ba yabonsa aka yi ba. Fata ita ce jiran abin da ke hannun wani. Niyya tana cikin ciki, ba mai ganinta, mai ita kuma yana iya warware ta da dare ba wanda ya sani. Ƙuduri ya ɗan fi ƙarfi, don an ɗaure shi kamar bakin zane. Amma alkawari shi ne babban yayansu. Ba a yinsa sai da wanda za a yi wa, yana da wa'adi, yana da shaidu, wanda ya saɓa shi kuma ya zubar da girmansa. Shi ya sa Hausawa suka ce alkawari kaya ne. Ba a taɓa jin sun ce buri kaya ne ba, domin ko jariri yana iya ɗaukarsa.

To, ga abin mamaki. Littafi Mai Tsarki da ya fito cikakke da Hausa a 1932, wanda Likita Mila na Zariya yana cikin manyan waɗanda suka yi wahalar fassara shi, kashi biyu ne, kuma kowane yaro ɗan makarantar Lahadi ya san sunayensu: Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Ashe littafin da muke riƙe da shi a wannan dare, tun daga bangonsa yake gaya mana irin zaman da ke tsakanin Allah da mutanensa. Yaya aka yi mutanen alkawari suka koma mutanen buri?

Kada wani ya ce ai albarkar daren ce ta jawo haka. Babu inda Littafi Mai Tsarki ya ce a yi bikin 1 ga Janairu. Sunan watan ma daga gunkin Romawa aka samo shi, wani mai fuska biyu, ɗaya na duban baya ɗaya na duban gaba. Ingila kanta, wadda ta kawo mana wannan lissafi, daga 25 ga Maris take ƙirga sabuwar shekararta har zuwa 1752. 'Yan Katolika da 'yan Angilika kuwa, shekarar ikkilisiyarsu tana farawa ne Lahadi huɗu kafin Kirsimeti. Maƙwabtanmu Musulmi suna ƙirga tasu daga Muharram, watan cika-ciki, manomi kuma ba ruwansa da duk wannan, shi daga saukar ruwan fari yake lissafi. Saboda haka daren 31 ga Disamba dare ne kamar kowane dare. Allah ba ya kusantowa don agogo ya buga, ba ya kuma nisa don gari ya waye ranar 2 ga wata. Amfanin daren ɗaya ne tak, ya ba mutum dalilin tsayawa ya binciki kansa.

Waɗanda suka fara wannan al'ada ma haka suka ɗauke ta. Wajen 1740, a wani wuri da ake kira Kinsuwud kusa da birnin Biristol a Ingila, akwai masu haƙar kwal waɗanda a da suka saba kwana a gidan giya. Da suka tuba sai suka mai da daren na addu'a, Jon Wesli kuma ya karɓi abin ya yaɗa shi cikin mabiyansa. A 1755 ya tara mutane kamar 1,800 a Landan don sujadar sabunta alkawari, daga baya kuma ikkilisiyar Metodis ta mai da wannan sujada ta farkon shekara. Abin da ake yi a cikinta shi ne mutum ya miƙa wuya ga Allah, ya yarda da samu ya yarda da rashi. A Amurka kuma, wani saurayi Jonatan Edwads, wanda ya zama babban malamin tauhidi daga baya, ya rubuta wa kansa ƙudurori 70 tsakanin 1722 da 1723, yana ɗan shekara kamar goma sha tara, watau bai ma kai yawancinmu ba. A kan halinsa da lokacinsa da harshensa ya ɗaure su, ya kuma sa wa kansa dokar karanta su sau ɗaya kowane mako. Fafaroma Bulus na 6 ya keɓe 1 ga Janairu ta zama ranar addu'ar zaman lafiya ta duniya, aka fara a 1968. Ku duba da kyau, duk cikinsu ba wanda ya zo da lissafin cefane. Mu ne muka gaji kwanan zaune muka yar da dalilinsa.

Littafin da kansa ya fi kowa tsanani a kan wannan. A sura ta 4 ta wasiƙarsa, Yaƙub ya tsawata wa 'yan kasuwan da ke tsara cinikin shekara guda da ribar da za su ci, alhali ba su san abin da gobe za ta haifa ba. A Luka sura ta 12 ga mai arzikin da gonarsa ta yi albarka, ya shirya rushe rumbunansa ya gina manya, a daren nan kuwa aka karɓi ransa. Littafin Mai Hadishi sura ta 5 ya gargaɗi mai yin wa'adi ga Allah kada ya yi jinkirin cikawa, gara ma kada ya yi da ya yi ya kasa. Amma wanda ya fi dacewa da sabuwar shekara shi ne misalin ɓaure a Luka sura ta 13. Shekara uku mai gona yana zuwa neman 'ya'ya bai samu ba, ya ce a sare. Mai kula da gonar ya roƙa a ƙara mata shekara ɗaya, zai yi mata kaftu ya zuba taki. Wannan ita ce ma'anar sabuwar shekara ga Kirista: ƙarin wa'adi ne aka yi wa itacen da bai ba da 'ya'ya ba. Wanda aka ƙara wa wa'adin biyan bashi kuwa, in yana da kunya, ba ya zuwa da takardar neman sabon rance.

Ba sai mun tafi Ingila ba kafin mu ga yadda alkawari yake. A ƙasar Zuru, maƙwabciyar Gummi da Bukkuyum ta kudu, inda bishara ta kafu tun shekarun 1920, Dakarkari suna da al'adar golmo. Saurayin da ke son aure yakan yi shekara bakwai yana noma a gonar surukinsa, shi da tsaransa, kamar dai yadda Yakubu ya yi wa Laban bauta saboda Rahila. Ba a tambayarsa yawan son da yake yi wa yarinya, kunyar da ya tayar ake dubawa. Kakannin da yawa daga cikinmu sun san wannan tun kafin su ga Littafi. Jikokinsu ne yau ake koya wa cewa da ihun dare ɗaya ana iya mallakar shekara.

Daga nan sai mu ɗan matsa arewa kaɗan zuwa cikin Zamfara, domin akwai wani ƙauye a ƙasar Anka da ya isa ya zama mana makaranta. Sunansa Duza. A 2010 ne duniya ta ji sunansa tare da Abare da Dareta da Sunke da Tungar Daji, da kuma 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Zinariya ta yi tsada a kasuwar duniya, mutane suka dinga kwaso duwatsu daga ramuka suna kawowa cikin gida, ana daka su a turmi ana niƙa su a injin niƙan hatsi. Duwatsun nan cike suke da dalma. Ƙurarsu ta bi tsakar gida da ɗakuna da abinci, yara masu rarrafe suna sa hannu a ƙasa suna kaiwa baki. Sai amai, sai jijjiga, sai mutuwa. Ƙungiyar likitocin nan na-gari na-kowa, watau MSF, ita ta fara ankarar da duniya a farkon shekarar, kuma yaran da suka rasu sun haura 400. Waɗanda suka rayu, da yawa gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Ba wanda ya ɗauko dutsen nan da nufin kashe ɗansa. Buɗi kowa yake nema, buɗin kuma ya shigo har tsakar gida da ajali a cikinsa.

Darasin farko ke nan, ba duk abin da ya yi ƙyalli ne albarka ba, mai roƙon buɗi ido rufe kuma bai san abin da yake jawo wa gidansa ba. Darasi na biyu yana cikin yadda aka yi maganin abin. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma likitoci sun ce ba shi da amfani in yaro zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa masa ciwon. Dole sai da aka bi gida-gida da fartanya da shebur, aka kankare ƙasar sama, aka kwashe aka binne a rami nesa da gari, aka zubo sabuwa mai tsabta, aka share ɗakuna. Haka aka yi a Duza tsakanin ƙarshen 2010 da farkon 2011. Aiki ne na wata da watanni, ba kiɗa ba sowa. To, tuba ma haka take. Wanda ya shiga sabuwar shekara da kuɗin marayu a aljihunsa, da gabar da ya ƙi kashewa, da satar amsa a jarrabawa, ya kuma ɗaga hannu yana karɓar albarka, yaro ne aka ba magani aka mai da shi kan ƙasa mai guba. Matiyu sura ta 5 ta ce mai kawo baiko da ya tuna ɗan'uwansa na da ƙara a kansa, ya ajiye baikon tukuna ya je su shirya. Zakka mai karɓar haraji, ranar da ya tuba, da lissafi ya tuba: rabin dukiyarsa ga matalauta, ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta.

Darasi na uku na Bagega ne, babban ƙauyen da ya fi sauran yawan jama'a. An yi alkawarin kuɗin share shi a 2012, amma ba a saki kuɗin ba sai farkon 2013, bayan matasa da ƙungiyoyi sun yi ta matsa wa gwamnatin tarayya lamba. Duk watan da alkawarin ya yi yana kwance a takarda, yara suna can suna wasa a cikin gubar. Mu da muka iya zagin gwamnati a kan wannan, me ya raba mu da ita in muka yi wa Allah alkawari a Janairu muka manta kafin Ista?

Akwai kuma abin da ya faru a wannan yanki ɗin dai, wanda ya kamata ya rufe bakin masu sayar da annabcin shekara. Tsakanin 4 da 6 ga Janairu 2022, kwana uku kacal da shiga shekara, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen wurin suka ce sun kai wajen 200, dubbai kuma suka bar gidajensu. A wannan makon ƙyallayen shekarar buɗi ko ƙura ba su yi ba a ƙofofin majami'u. Ina tambaya, a cikin takardun da aka rubuta a daren tsallake na wannan shekara, nawa ne ke da layi ɗaya saboda mutumin da zai kwana a daji da 'ya'yansa? Na san za a ce ai yawancin mutanen nan ba Kirista ba ne. Wanda ya faɗi haka ya koma Luka sura ta 10. Basamariyen nan bai tambayi wanda 'yan fashi suka yasar a hanya addininsa ba kafin ya ɗora shi a kan dabbarsa, kuma waɗanda suka ratse suka wuce su ne ma'aikatan Haikali.

To, bari in saurari masu ja da ni, don suna da abin faɗa. Na farko zai ce, wai laifi ne mutum ya roƙi Allah abin duniya? Ko kusa. A cikin addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa akwai roƙon abinci. Amma abincin yini ne, kuma na jam'i ne, sa'an nan yana biye da roƙon a aikata nufin Allah, yana kuma gaba da sharaɗin yafe wa waɗanda suka yi mana laifi. Mu mun tsame roƙon daga tsakiya, muka kumbura shi, muka jefar da abin da ke gabansa da na bayansa.

Na biyu zai ce, talaka ba shi da komai sai sa zuciya, in ka raba shi da ita me ka bar masa? Wannan magana tana da nauyi. Amma wanda ya ce wa mai jin yunwa bana lalle zai yi mota, in dai ya sa kuɗi a ambulan, ba sa zuciya ya ba shi ba, caca ya koya masa. Idan Disamba ta zagayo ba mota, sai a ce masa bangaskiyarsa ce ta yi ƙaranci, ya koma gida da talaucinsa da kuma sabon zargin kansa. Mai ambulan kuwa ya riga ya ɗinka sabon ƙyalle.

Na uku, wanda ya ɗan leƙa makarantar tauhidi, zai ce ai da alheri aka cece mu, ba da ayyuka ba, wannan lissafi naka komawa ne ga Shari'a. Gaskiya ne, alkawarinmu ba ya sayen ceto. Amma Bulus da ya rubuta wa Afisawa zancen alheri a sura ta 2, a nan take ya ƙara da cewa an halicce mu ne domin kyawawan ayyuka, Yaƙub kuma ya kira bangaskiyar da ba ta da aiki matacciya. Kuma abin dariya ne mai gudun lissafin ayyukansa ya zama shi ne gwanin lissafin abin da yake bin Allah.

Na huɗu zai ce, mu a Zamfara da Sakkwato da Katsina 'yan tsiraru ne, ta kanmu muke yi. Na ji. Amma gishiri ma ɗan kaɗan ne a tukunya, kuma da shi aka kwatanta mu. Ɗan tsirarun da ya rufe ƙofa yana ƙirga maƙiyansa a daren sabuwar shekara, tsoronsa kawai yake ƙara wa taki.

Me ya kamata a yi ke nan? Luka sura ta 14 ta ba da shawarar mai gini, ya zauna tukuna ya yi lissafi kada ya sa harsashi ya kasa gamawa. Saboda haka a rage yawa. Abu biyu ko uku sun isa, waɗanda ke da suna da rana da adadi. Maimakon a ce bana zan kusaci Allah, a ce zan karanta sura uku kowace rana, biyar ran Lahadi, wanda da haka a kan sauke surori 1,189 na Littafi cikin shekara. Maimakon a ce zan zama mai ƙauna, a ce kafin ƙarshen Janairu zan taka har ɗakin wane mu kashe gabar da ke tsakaninmu, zan kuma biya wance kuɗinta. Zumuntar ɗalibai ta ɗauki nauyin karatun yaro ɗaya ɗan gudun hijira, ko mutum goma su je asibiti su ba da jini. Zumuntar Mata ta ware mudu ɗaya cikin goma na abin da ta tara saboda gwaurayen da 'yan bindiga suka mai da su haka, ko na coci ne ko na masallaci. Wanda danginsa ke haƙar zinariya ya yi alkawarin ba zai yi shiru ba in ya ga an shigo da dutse cikin gida, a niƙa shi can bayan gari, a yi wanka a sake tufafi kafin a ɗauki yaro. A kuma sami shaida, aboki ko dattijon ikkilisiya, wanda zai tambaya a watan Yuni ba tare da jin nauyi ba. Sa'an nan a faɗi alkawarin da harshen da ake ciniki da shi a kasuwa, domin na lura ƙarya ta fi sauƙin fita da Turanci. Kalmar da mutum bai san nauyinta ba, ba ta hana shi barci.

Daga ƙarshe ina kira ga fastocinmu da shugabannin zumuntar ɗalibai. Idan daren ya sake zagayowa, kafin a raba sabuwar takarda, a fito da ta bara a karanta. A tambayi jama'a wa ya biya bashi, wa ya nemi gafara, wa ya ciyar da wanda ba zai iya rama masa ba. In aka sami mutum biyar, a yi sowa, ta cancanta. In ba a samu ba, a sauke ƙyallen nan daga bakin ƙofa, a durƙusa a roƙi mai gonar ya ƙara wa ɓauren shekara ɗaya, da gari ya waye kuma kowa ya ɗauki fartanyarsa. Allah ya ba mu ikon cika abin da muka ɗauka, amin.